Labarin Ziyelona Gura, Garin Inabi Na Ƙasar Polan

Idan kun buɗe taswirar Turai, ku nemi Barlin, babban birnin Jamus, ku aza yatsa a kai, sa'an nan ku ja shi gabas maso kudu kaɗan har ku ƙetare iyaka ku shiga ƙasar Polan. Can kusa da kogin Oda, ta gefensa na kudu, za ku ga wani gari an rubuta masa Zielona Góra. Masu garin suna faɗin sunan kamar Ziyelona Gura, ma'anarsa kuwa Koren Tudu. In taswirar makarantarku tsohuwa ce, wadda aka buga kafin 1945, ba za ku sami wannan suna ba ko kun kwana kuna nema. Abin da za ku gani a wurin shi ne Grünberg, cikin ƙasar Jamus, shi ma kuwa Koren Tudu ya ke nufi da Jamusanci. Gari ɗaya ne, ma'anar suna ɗaya ce, amma mutanen da ke cikinsa yau ba jikokin waɗanda ke cikinsa a 1939 ba ne. An kwashe na da, an zuba waɗansu. Abin da ya sa muka zaɓi labarinsa a wannan mako shi ne, ko da ya ke an sake mutanen garin da harshensa da sunayen titunansa, akwai al'ada guda wadda ta ƙi tashi, ita ce noman inabi da bikin girbinsa.

Mun sani da yawa daga cikinku addini ya hana ku giya, waɗansu kuma malamanku sun sha yi muku gargaɗi a kanta. Ba tallarta mu ke yi ba. Amma ba a ba da labarin masunci a tsallake kogi, haka nan ba a ba da labarin garin nan a tsallake kurangar inabi.

Lardin da garin ya ke ciki tun asali ana ce da shi Silesiya, sarakunansa na farko kuwa 'yan gidan sarautar Polan ne, gidan Piyast. Mutanen garin suna ƙirga farkonsa daga 1222, zamanin wani sarki Henri wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Gemu. Shi da magadansa suka riƙa kiran manoma da masu sana'a daga ƙasashen Jamusawa su zo su zauna, domin ƙasa tana da faɗi, hannuwa sun yi kaɗan. A 1323 aka ba garin takardar 'yanci, watau izinin ya yi majalisarsa, ya ci kasuwarsa, ya yi shari'ar mutanensa da kansa. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, gama daga baya sun zama abin gardama mai zafi. Mutanen Polan suna cewa sarakunanmu suka kafa garin, Jamusawa suna cewa kakanninmu suka gina shi suka zauna cikinsa shekara ɗari shida da ɗoriya. Kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa, shi ya sa gardamar ta yi wuyar mutuwa.

Inabi ya zo wannan yanki tare da addinin Kirista, domin ba a yin Jibin Ubangiji sai da ruwan inabi, kawo shi daga kudu a kan keken shanu kuwa tsada gare shi. Waɗansu sufaye na wani gidan ibada da a ke kira Paradiz, arewa da garin, suna nomansa tun ƙarni na 13. Takarda ta farko da ta ambaci gonakin inabi na garin kansa ta 1314 ce. Ana cewa a shekarar nan kuma aka yi annoba, waɗanda suka tsira suka gina ɗan ƙaramin ɗakin sujada a kan wani tudu cikin gonaki don godiya ga Allah. Daga baya aka sake gina shi da dutse, yana nan har yau, ana ce da shi ɗakin sujada na kan gonar inabi, ko da ya ke gidaje sun kewaye shi.

To, ƙaƙa inabi ya ke yi a irin wannan wuri? Tambayar tana da dalili, gama kuranga itaciya ce mai son rana, gidanta na sosai ƙasashen bakin Bahar Rum ne, Italiya da Sifen da Girka da kudancin Faransa. Ziyelona Gura kuwa tana can arewa, ta ɗan fi London ma kusa da ƙurewar arewa ta duniya, sanyinta na hunturu kuma ya fi na London tsanani don teku na nesa da ita. Asirin yana cikin tuddan. Garin yana zaune ne a kan tuddai na rairayi da tsakuwa waɗanda ƙanƙara ta turo ta tara tun zamanin da ta rufe arewacin Turai. Rairayi yana saurin ɗaukar zafi, ba ya riƙe ruwa ya ruɓar da saiwa. Gefen tudu mai fuskantar kudu kuma yana shan rana fiye da fili, iska mai sanyi tana gangarawa kwari da dare ta bar shi. Da wannan ɗan rangwame ne kuranga ke samun abin da za ta nuna da shi, amma da ƙyar. In sanyi ya komo a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu bayan ta yi toho, raɓa ta daskare a kan tohon, amfanin shekarar ya tafi cikin dare ɗaya. In kuma watannin zafi suka zo da hadari da yawa, 'ya'yan ba su tara zaƙi, abin da aka matse sai ya fito da tsami.

Tsamin nan ya jawo wa garin ba'a ba kaɗan ba. Jamusawan yamma, masu gonaki a bakin kogin Rayin inda rana ta fi, sun mai da ruwan inabin Grünberg abin dariya, mawaƙa suka yi ta yi masa zambo, har ya zama in ana son a kwatanta abu mai sa fuska ta yamutse sai a ambace shi. Mutanen garin suka haɗiye, suka ci gaba da nomansu.

Gaskiya kuwa ba da inabi kaɗai su ke ci ba. Babbar sana'ar garin saƙar ulu ce. Masaƙa su ne masu kuɗi, su ne masu faɗa a ji a majalisa, tufafinsu suna tafiya har Polan da Rasha. Gonar inabi abin taimako ce, kusan kowane magidanci yana da 'yar tasa a bayan gari, yana zuwa da iyalinsa bayan an tashi daga aiki. Wanda ya matse nasa yana da izinin ya sayar a gidansa na ɗan lokaci, alamarsa kuwa sai ya rataye damin ganye a kan sanda a ƙofar gida, mai wucewa ya gani ya shigo. Watau noman bai zama na waɗansu manyan masu ƙasa biyu ko uku ba, na talakawan gari ne duka, kuma muna tsammani wannan ne ya sa ya shiga jinin garin haka.

Sarauta kuwa ta yi ta sauya hannu. Garin ya shiga ƙarƙashin sarakunan Bohimiya, a 1526 kuma ya faɗa hannun gidan Habsbag, masu mulkin Ostiriya. A cikin ƙarnin nan mafi yawan mutanensa suka bi koyarwar Martin Luta. A nan za mu ɗan ratse saboda ku 'yan manyan azuzuwa masu fama da lissafin kusurwoyi. A 1561 aka haifi wani yaro a Grünberg, sunansa Bartolomiyus Pitiskus. Ya yi karatun addini, ya zama mai wa'azi a fadar wani sarki a Haidelbag, amma zuciyarsa tana wajen lissafi. A 1595 ya fitar da littafi a kan auna siffa mai kusurwa uku, a kansa ne kalmar nan tirigonometiri ta fara bayyana. In ta ba ku wuya a jarrabawa, kun san garin da za ku kai ƙara.

Gobara ta ci garin a 1582, aka sake gina gidan majalisa da tubali a 1590, shi ne ke tsakiyar kasuwa har yanzu, hasumiyarsa ta ɗan karkace. Bayan wannan sai ƙarni na baƙin ciki ya shigo. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi yaƙin da a ke kira na Shekara Talatin, rundunoni suka yi ta ratsa garin, kowace ta zo ta ci ta washe. A 1651 wata gobara ta sake cinye shi. Sarakunan Ostiriya, da ya ke 'yan Katolika ne, suka karɓe babbar majami'ar gari daga hannun mabiya Luta, har ya zama ran Lahadi sai mutane su yi tafiya su ƙetare iyakar lardi kafin su yi sujada yadda su ke so. Wajen 1663 zuwa 1665 kuma aka yi ta kama mata ana ce musu mayu, ana gana musu azaba har su amsa laifin da ba su yi ba, ana ƙone su. A Turai ta wannan zamani, in ƙanƙara ta kashe amfanin gona ko dabba ta mutu, akan nemi tsohuwa marar gata a ɗora mata. Gidan tarihi na garin bai ɓoye wannan ba, yana da sashe guda na kayan azabar da.

A watan Disamba na 1740 Firedirik na Biyu, sarkin Purusiya, ya shigo Silesiya da yaƙi, Grünberg kuwa tana bakin iyaka, ita ya fara tararwa. Ana ba da wani labari a kan ranar nan wanda ya kamata ku ji. Wai hafsan Purusiya ya shiga gidan majalisa ya tarar da magajin gari da 'yan majalisa zaune, ya ce a ba shi mabuɗin ƙofar gari. Magajin gari ya tuna ya yi wa sarauniyar Ostiriya rantsuwa, ya kuma dubi bindigogin da ke waje. Sai ya ce shi ba zai miƙa mabuɗi ba, amma ga shi can a kan tebur, wanda ya ga zai iya ɗauka ya ɗauka. Hafsa ya yi dariya ya ɗauka. Ko haka aka yi daidai, ko masu ba da labari sun ƙara gishiri, dabarar ta talaka ce wanda giwaye ke faɗa a gonarsa. A 1742 aka yi sulhu, Silesiya ta zama ta Purusiya. Mabiya Luta suka sami izini, suka gina majami'arsu ta katako da tubali daga 1746 zuwa 1748. Tana nan tsaye, amma yau 'yan Katolika ke sujada a cikinta.

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da inabin garin ya kai gaɓarsa, abin mamaki kuwa tsamin da a ke yi wa dariya shi ya ɗaukaka shi. Ga yadda abin ya ke. In an matse inabi aka ajiye ruwan, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda a ke kira yisti, suna cin zaƙin da ke ciki, su mai da shi abu mai sa maye, suna kuma fitar da wata iska wadda ke tashi ta tafi. Mutanen lardin Shamfen na Faransa suka gano cewa in an ɗura ruwan a kwalba mai kauri, aka ƙara sukari da yisti kaɗan, aka toshe da ƙarfi, iskar ba ta da hanyar fita, sai ta narke a ciki, ran da aka buɗe ta taso da kumfa. Irin wannan kuwa ba ya son inabi mai zaƙi ƙwarai, mai ɗan tsami ya ke so. Waɗansu 'yan kasuwa uku na Grünberg, Hoisla da Forsta da Girempla, suka lura da haka, a 1826 suka kafa ma'aikata, ana kuwa lissafa ta cikin na fari da suka yi irin wannan mai kumfa a ƙasar Jamus duka. Sunan Girempla ya fi tsayawa, kwalabensa suka kai garuruwa masu nisa. Ɗan gidan da ya gina a kan tudu cikin gonarsa a 1818 yana nan tsakiyar gari. A 1860 kuma wani Albat Bukholz ya kafa ma'aikatar dafa ruwan inabi a fitar da mai ƙarfinsa.

A tsakiyar ƙarnin gonakin inabi na garin da kewayensa sun haura hekta 1,000, hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ce. Majalisar gari ita ke sa ranar fara girbi, don kada mai gaggawa ya tsinke ɗanye ya ɓata sunan gari, in ranar ta zo a kaɗa ƙararrawa, kowa ya fita da kwando. A 1852 aka fara yin bikin girbi na gari gaba ɗaya, da jerin gwano da kaɗe-kaɗe.

Ba yaƙi ne ya fara kashe gonakin ba, jirgin ƙasa ne. Ya iso garin a 1871, mutane suka yi murna, gama zai kai kayansu nesa. Ashe jirgin da ke fita da kaya shi ke shigo da waɗansu. Ruwan inabi na kudu, mai zaƙi mai araha, ya cika kantuna. Ma'aikatu kuma suka buɗe. A 1876 wani injiniya, Geyog Boishelt, ya kafa wurin ƙera gadoji na ƙarfe, daga baya har da taragon jirgi. Waɗansu Ingilishi masu saƙar ulu daga Yoksha, da suka ga Jamus ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan tufafin waje, suka ƙaura da injunansu suka kafa babbar masaƙa a cikin garin. Saurayi ya duba, ga albashi kowane mako a ma'aikata, ga gona wadda sanyin dare ɗaya ke iya mayarwa banza, sai ya ajiye wuƙar aski ta kuranga. Kafin 1939 ɗan abin da ya rage na gonakin bai taka kara ya karya ba, ma'aikatar Girempla ma tana sayo ruwan inabi daga waje ta haɗa.

Zamanin Hitila ya bar wa garin tabo. A watan Nuwamba na 1938 aka ƙone majami'ar Yahudawa. Da yaƙi ya yi zafi, masaƙar nan da Ingilishi suka kafa, wadda ta riga ta koma hannun Jamusawa, aka mai da gefenta sansanin bauta, aka tara 'yan mata Yahudawa suna saƙa da yunwa. A ƙarshen Janairu na 1945, da aka ji rundunar Rasha ta matso, aka kora mata fiye da 1,000 daga nan a ƙasa cikin ƙanƙara, aka yi ta tafiya da su har watan Mayu, har wani gari Bolari a ƙasar Cek. Mafi yawansu ba su ga ƙarshen tafiyar ba. Ginin masaƙar yana nan, an mai da shi rukunin kantuna, mutane suna sayen takalma a inda aka yi wannan.

Ran 14 ga Fabrairu 1945 Rashawa suka shiga Grünberg. Ba a yi wani faɗa mai yawa ba, don haka gine-ginen suka tsira, ba kamar garuruwan maƙwabta da aka ragargaza ba. A watan Agusta manyan da suka ci yaƙi, Amurka da Ingila da Rasha, suka gama taronsu a Potsdam, suka sa ƙasar da ke gabas da kogin Oda da kogin Naisa a hannun Polan. Rasha kuwa ta riga ta haɗiye gabashin Polan. Watau an ɗauki ƙasa guda an tura ta yamma, kamar yadda a ke jan tabarma. Jamusawan Grünberg, waɗanda sun kai wajen 26,000 kafin yaƙi, waɗansu sun gudu, sauran aka kore su da abin da hannu zai iya ɗauka. Aka kawo mutanen Polan, waɗansu daga wajen Poznan, waɗansu daga tsakiyar ƙasa, waɗansu kuwa daga gabas inda su ma aka kore su daga gidajen kakanninsu. Wanda aka raba da gidansa ya shiga gidan wanda aka raba da nasa, ya tarar da tukwane a murhu da hotunan mutanen da bai sani ba a bango.

Nan ne abin da ya fi ba mu mamaki ya faru. Baƙin nan sun kankare rubutun Jamusanci daga bango, sun sake sunan kowane titi, ba su son kome da zai tuna musu da waɗanda suka ƙone ƙasarsu shekara shida. Amma a kakar 1945 ɗin nan, wata kaɗan da zuwansu, suka yi bikin girbin inabi, suka ba shi suna da harshensu, Winobraniye. Mafi yawansu ba su taɓa aske kuranga ba. Polan ta da tana da ɗan wurin inabi guda sananne, Zaleshciki a bakin kogin Diniyesta, inda a ke bikin girbi kafin yaƙi, shi kuwa ya tafi tare da gabas, yau yana cikin Yukren. Aka sami 'yan tsiraru masu sanin aikin, cikinsu har da wani Gizegoz Zarugiyewic wanda ya yi ta fama da gonakin da aka bari yana koya wa mutane, akwai titi da sunansa kusa da tudun Girempla. Muna gani dalilin bikin shi ne, mutanen da aka tattaro daga wurare dabam dabam, ba su san juna ba, ba su san garin ba, suna bukatar wani abu guda da za su taru a kai su ce namu ne. Ba su zo da shi ba, sai suka ɗauki wanda suka tarar.

Biki ya tsaya, amma gonaki suka ci gaba da mutuwa. Mulkin Kwaminis ya mai da ma'aikatar Girempla ta gwamnati, ta koma yin abin sha mai araha da tuffa da waɗansu 'ya'yan itatuwa, tana kuma ɗura na ƙasashen waje a kwalba. A 1950 aka mai da garin hedkwatar lardi, mutane suka yi ta ƙaruwa, aka gina dogayen gidaje a kan tuddan da kuranga ta ke. Akwai kuma wani dalili wanda ba a rubuta shi a doka ba. Kuranga sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta ba da abin kirki, mai dasa ta kuwa sai wanda ya tabbata zai daɗe a wurin. Baƙin nan sun yi shekaru suna zaune da tsoron wata rana Jamusawa za su komo. Jamus ta Yamma ba ta amince da iyakar ba sai a 1970, ba a kuma rufe maganar sarai ba sai da yarjejeniyar 1990, bayan Jamus ta haɗe. Aka yi shekaru ana bikin girbin inabi a garin da kusan ba shi da inabin girba, sai 'yar gonar da aka bari a tudun Girempla don gani, inda aka gina gidan gilashi na itatuwan ƙasashen zafi a 1961.

Amma kada ku ce mutanen ba su ɗauki garin nasu ba. Ran 30 ga Mayu 1960 hukuma ta aiko a karɓe wani gini na 'yan Katolika, inda a ke koya wa yara addini, a fitar da kayansu. Limamin majami'ar, Fada Kazimiyez Mihalski, ya ƙi yarda. Mata suka fara tarewa a ƙofa, kafin la'asar mutane wajen 5,000 sun cika tituna, ana jifa da duwatsu, 'yan sanda suna harba hayaƙi mai sa hawaye, har sai da aka kawo ƙarin dakaru daga waɗansu garuruwa. Aka kama fiye da mutum 300, da yawa suka sha ɗauri, aka fitar da limamin daga garin. Hukuma ta ci nasara, ginin ya zama gidan makaɗan gari, haka ya ke har yau. Shekara goma sha biyar kacal da zuwansu, ga su suna ba da jininsu saboda gini wanda Jamusawa suka gina. Ba a yarda a yi maganar ranar nan a fili ba sai bayan mulkin Kwaminis ya faɗi a 1989, yanzu kuwa ana tunawa da ita kowace shekara.

Bayan 1989 tsohuwar ma'aikatar ta kasa tsayawa a kasuwa, ta rufe. A daidai lokacin kuma waɗansu mutane, malamai da injiniyoyi da manoma, suka fara dasa kuranga a ƙauyukan kewaye, suna tono tsofaffin littattafan Jamusawa don su ga wane iri ne ya yi a wane tudu. Da fari doka ba ta ba su hanyar sayarwa ba, gama an tsara ta ne don manyan ma'aikatu. Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, a 2008 aka sassauta dokar, ƙananan manoma suka sami ikon sayar da abin da suka matse daga gonarsu. Yau gonakin inabi na yankin sun kai gomomi. A Zabor, gabas da gari, hukumar lardi ta ware fili na hekta fiye da 30 ta yanka wa manoma haya. Suna noman irin na da, kamar Rizlin, da waɗansu sababbin iri da aka haɗa don jure sanyi da cuta. Zafin duniya da ke ƙaruwa, wanda ya zama masifa ga manoman wurare da yawa, ya ɗan tsawaita musu lokacin nuna.

Garin kansa ya girma, mutanensa sun kusa 140,000. Tun 1999 shi da Gozuf suka raba hedkwatar lardin Lubus, majalisar lardi tana Ziyelona Gura, wakilin gwamnatin tsakiya yana Gozuf, don kada ɗaya ya ji an fi shi. A 2001 aka haɗa makarantar injiniyoyi da ta horon malamai aka yi jami'a. A 2014 aka tambayi mutanen ƙauyukan kewaye ko suna so su haɗu da birni, aka jefa ƙuri'a, masu so suka yi rinjaye da kaɗan, ran 1 ga Janairu 2015 aka haɗe, faɗin garin ya ninka fiye da sau huɗu, har dazuzzuka da gonaki suka shigo cikinsa.

Bikin kuwa ana yinsa kowane Satumba, kwana tara. Ran farko magajin gari yakan fito gaban jama'a ya miƙa mabuɗin gari ga wani mutum da ya yi shigar Bakus, gunkin inabi na Romawan da, da rawanin ganye a ka. Wasa ne, ba bauta ba, mutanen garin masu zuwa majami'a ne. Wannan karon dai da hannu a ke miƙa mabuɗin, ba a barinsa a kan tebur. Manoma suna kafa rumfuna a kasuwa, ana buɗe tsofaffin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda Jamusawa ke ajiye gangunansu, motoci suna kwasar baƙi zuwa gonaki. Cikin baƙin akan sami Jamusawa, jikokin waɗanda aka kora, suna yawo da tsohon hoto a hannu suna neman ƙofar gidan kakarsu.

Sanyi dai bai sake hali ba. A 2024 zafi ya zo da wuri, kuranga ta yi toho tun kafin lokacinta, sai ga daskararriyar raɓa a ƙarshen Afrilu, ta ƙone tohon a gonaki da yawa na yammacin Polan da gabashin Jamus. A irin waɗannan darare manoma ba su barci. Sukan jera wuta a tsakanin kunyoyi, su yi ta zagawa da ma'aunin sanyi a hannu har gari ya waye.